Igiya Mai Ƙamshin Turare

Ranar Juma'a ce, an idar da salla ke nan. Insfekta Othman yana neman takalminsa a bakin masallaci sai wayarsa ta yi ƙara. A ofis da muƙaminsa na Naƙib suke kiransa, amma 'yan unguwar Waziriyya sun liƙa masa Insfekta tun yana sabon shiga, har ya gaji da gyara musu.

"Wata mata ce ta faɗo daga igiya," in ji mai kiran. "A kwazazzabon nan na hanyar Ɗa'if. Duk 'yan Jidda ne, Hausawa. Mudir, shugaban ofis, ya ce kai za ka je."

Bai koma gida ya sa kaki ba. Da farar jallabiyarsa ta auduga ya kama hanya.

Abin sabon yayi ne a Jidda. Ranar hutu jagora zai kwashi mutanen da ba su taɓa yi ba, ya kai su cikin duwatsu, ya ɗaura wa kowa ɗamara a ƙugu, su dinga sauka da igiya daga kan dutse zuwa ruwa, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan la'asar ya isa. Masu ceto sun riga sun fito da gawar sun lulluɓe ta. Mutum tara na zaune a kan duwatsu, hulunan kwano har yanzu a kansu, babu wanda ya tuna ya cire.

Sunan marigayiyar Mastura, shekararta arba'in da uku, tana haɗa turaren wuta a Waziriyya. Jagoran kuma Muath ne, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya. Yana tsugune gefe guda, tafukan hannunsa duk sun ɗaye.

Insfekta ya durƙusa kan igiyar. Ba yankan wuƙa ba ne. Ba kuma a bakin dutse ta tsinke ba, inda za a ce gugar dutse ce ta cinye ta. A tsakiya ta rabu, inda babu abin da ke taɓa ta. Ya murza zaren da yatsu biyu, sai ya ga yana marmashewa kamar busasshen ganye.

Ya sa igiyar a leda ya ɗaure. Jakar da ake ajiye ta, wata tsohuwar jakar yadi, ita kuma ya rungumo ta a ƙirji har mota.

Washegari aka shigo da Muath ɗakin tambaya. Ya kwana a tsare.

"Wa ke taɓa igiyoyinka?"

"Ni kaɗai, Yallaɓai."

"Yaya kake kula da su?"

"In mun dawo in wanke da ruwa zalla. Ba sabulu, ba komai. In shanya a inuwa. Kafin kowa ya hau in bi ta da hannu tun daga kai har ƙarshe."

"Jiya ka bi ta?"

"Wallahi na bi. Ban ji komai ba."

"A ina take kwana?"

"A motata."

Insfekta ya juya takardar gabansa.

"Motarka kwana goma tana wurin makaniki a Kurayyat. An sauke mata inji."

Muath ya kalli hannunsa.

"Juma'ar da ta wuce ma ka kai mutane. Da me ka dawo da kayan?"

"Taksi."

"Taksi. Igiya huɗu, hula goma sha biyu, ɗamara goma sha biyu." Insfekta ya ajiye biro. "Ka ji ni, ya Muath. In babu wanda ya taɓa igiyar nan sai kai, to ran yayarka a wuyanka za a rubuta shi. Shekaru ne a gidan yari. Ka gane?"

"Na gane. Ku rubuta."

Da sauri ya faɗa. Saurin ne bai yi wa Insfekta ba.

Ranar Lahadi da safe yana shan shayi, matarsa Tahani ta shigo riƙe da jallabiyar Juma'a, ta ɗaga ta saitin taga. Haske yana ta fitowa ta ƙirjin, ƙananan ramuka sun fi ashirin.

"Ya Abu Yazan, ɓera kuke kiwo a ofis, ko kai ne kake ci in yunwa ta kama ka?"

"Da na cire ta lafiya lau take."

"Ai sai an wanke suke fitowa. Ka manta yayana da ya yi aikin batir? Duk rigunansa haka suke, kamar rariya. Ummi har kuka take yi."

Ya ajiye kofin.

"Me kika ce?"

"Ruwan batir mana. Ba ka ganinsa a jikin yadi, yana ciki yana ci."

Ya kalli wurin ramukan. Daidai inda ya rungumi jakar ne. Bai ƙarasa shayin ba. Kafin azahar ɗakin gwaji sun tabbatar: akwai ruwan batir a jakar, akwai kuma a igiyar, ko da yake an wanke ta. Da sabulu.

Da yamma ya je gidan gaisuwa. An jera kujeru a layin, ana zagayawa da gahawa. Mijin marigayiyar, Rafi'u, yana tsakiyar maza. Dogo ne, ɗaya daga cikin Hausawan Sudan, idanunsa sun yi jawur. Insfekta ya yi masa gaisuwa, ya ja shi gefe.

"Ka san za ta je?"

"Ban sani ba. Ce min ta yi za su Makka ita da yarinyar. Matar da ko kan kujera ba ta iya hawa ta canja ƙwan fitila!"

"Me kake yi, Malam Rafi'u?"

"Warsha gare ni a Khumra. Garejin gyaran wutar mota."

"Kana da wanit, motar a-kori-kura?"

"Akwai wata tsohuwa. Ta ɗaukar kaya."

"Muath ya taɓa aro?"

"Abadan, ko sau ɗaya. Ni da harkarsa ba ma haɗuwa."

Yana magana yana goge tafin hannunsa a cinya, ya goge, ya sake gogewa.

'Yarsu Abir tana zaune a ƙasa a falon ciki, wata gwaggonta na gefenta. Shekararta goma sha tara. Tana can a kan dutsen lokacin da abin ya faru. Insfekta ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ki yi haƙuri, ya binti. Tambaya kaɗan ce. Wa ya ce ta fara sauka?"

"Ba kowa. Ni ce ta farko a layi." Muryarta a dishe take, Hausar tana fita da ƙyar, Larabci yana shiga ciki. "Ni na dame ta sai mun je. Wata uku ina roƙonta. Da muka hau sama ta leƙa, sai ta zauna ta ce halas, ita ba inda za ta, a bar ta da jakunkuna. Khalu Muath yana tsokanarta, wai ita da take dukansa yana yaro yau ga ta tana rawar jiki."

"Sai me?"

"Sai ya zaro igiyar daga jaka. Tana kusa, sai ta kama ta shinshina. Ta yi dariya. Ta ce, 'Kai, wannan ai haɗina ne, mai sandal da hawi. Igiyar nan ƙamshin gidana take yi.' Ta miƙe ta ce a ɗaura mata, ita za ta fara, in ga yadda ake yi." Abir ta share ido. "Ta yi nisa kaɗan tana kirana in ɗauke ta hoto. Ina ciro wayar..."

Ba ta ƙarasa ba. Gwaggon ta jawo ta jikinta, ta yi wa Insfekta alama da ido ya tafi.

A mota ya kwance ledar igiyar ya kai hanci. A kwazazzabo iska da jiƙa sun ɓoye shi. Yanzu da ta kwana biyu a ɗaure, ƙamshin ya taso ya cika motar.

Litinin da safe ya sa aka sake kawo Muath.

"Kana sa wa igiya turare?"

"A'a."

"Wa ke yawo da turaren yayarka a mota?"

Muath ya kau da kai. Insfekta ya ci gaba.

"Wanit ɗin Rafi'u ka ara. Kayanka suka kwana shida a bayanta. Da ka ji ƙamshin ka ɗauka na motar ne. Sai da igiyar ta tsinke ka gane."

Muath ya kifa kansa a kan tebur.

"Sau uku na ce masa kar batir ya kusanci jakar nan. Sau uku, Yallaɓai." Ya ɗago. "Amma yarinyar nan ta rasa uwa. In sa ta rasa uba kuma? Ni ba ni da mata, ba ni da ɗa. Ku bar shi a kaina."

"Ba ni da ikon barinsa a kanka," in ji Insfekta a hankali. "Kuma in na bari, Abir za ta tashi tana cewa kai ka kashe mata uwa."

"Gara hakan."

"A wurinka."

Khumra zafi take yi tun ƙarfe goma. Warshar tana ƙarshen layin rumbuna, ƙofarta rabi a buɗe. An gama kwana ukun gaisuwa, Rafi'u ya fito, amma ba aiki yake ba. Yana zaune kan wata jarka yana kallon ƙasa.

Tsofaffin batura ne jere har rabin bango. Insfekta ya wuce su ya leƙa bayan wanit. A kusurwa ɗaya fentin ya ci ya yi fari, an goge wurin fes, sauran kuwa duk ƙura. A kan tebur akwai kaskon turare, da wata kwalba da aka manna wa takarda, an rubuta da hannu: Na Abu Abir.

Ya ɗauki kwalbar ya ajiye gaban Rafi'u. Ya ajiye ledar igiyar kusa da ita, ya kwance bakin.

Rafi'u bai ɗago ba. Hancinsa ne ya buɗe, sai hawaye.

"Ranar Talata ce," ya ce. "Na kwaso batura daga wurin wani. Na ga jakar, na ce ai kusa ne. Na taka birki a shataletale, ɗaya ya kife a kan jakar."

"Me ya hana ka gaya masa?"

"Kunya." Ya share fuska da hannun riga. "Ƙanin matata ne. A gabana ya girma, ni na koya masa tuƙi. Ya yi ta min gargaɗi kamar yana magana da yaro, ni kuma na ce masa shekara ashirin ina wannan aiki. In je in ce masa ga abin da na yi? Na zaro igiyar na duba, lafiya lau take a ido. Na wanke ta da sabulu, na shanya. Ta bushe amma tana ɗan wari. Na ce zai ji. Sai na kunna kasko na rataye ta a kai."

"Ka san mutane za su hau ta."

"Na ce ai na wanke. Wallahi na ce ai na wanke." Ya buga ƙirjinsa. "Makka ta ce min za ta. Da na san ita ce..."

Shi ma ya ji abin da ya faɗa.

"Da wata ce fa?" in ji Insfekta. "Abir ce ta farko a layi."

Rafi'u ya ɗago a firgice. Babu wanda ya gaya masa wannan.

"Kwana uku Muath yana tsare, kana zaune ana ba ka haƙuri."

"Kullum sai in ce gobe zan je. In kalli yarinyar in kasa."

"Tashi. Yau za a saki Muath."

Ya tashi kamar tsoho. Ya miƙa hannuwansa da kansa, amma Insfekta bai ciro ankwa ba. Sun kai bakin ƙofa Rafi'u ya tsaya.

"Yallaɓai, abu ɗaya. Tana tsoron bisa. Yaya aka yi ta yarda ta hau? Muath ne ya matsa mata?"

Insfekta ya kalli titi. Wata babbar mota ta wuce, ƙura ta lafa. Zai iya cewa bai sani ba. Amma maganar tana cikin takarda, gobe a gaban alƙali za a karanta ta.

"Ba wanda ya matsa mata. Da farko ta ƙi. Sai ta shinshina igiyar, ta ce ƙamshin gidanta take yi."

Rafi'u bai yi kuka ba wannan karon. Ya juya ya koma ciki, Insfekta na kallonsa. Ya ɗauki kwalbar, ya murɗa murfin sosai, ya mayar da ita kan tebur, takardar tana kallon bango.

Sannan ya fito ya ja ƙofar warshar har ƙasa, ya shiga bayan mota.