Zance da Wakili a Tsakani

“Ina son mu yi magana, mu biyu,” in ji Mai Agogo.

“Mu uku dai,” in ji Lasifika. Ya jawo kujera ya dasa ta a tsakaninmu, ya buɗe littafinsa, ya cire murfin biro.

Wallahi da akwai sifana a hannuna ranar, da an yi abin kunya a ɗakin cin abincin ma'aikata.

Ni ce ta ƙarshe a layin haɗa motoci. Aikina in buɗe ƙofa in rufe, in kasa kunne, in ji ko ta zauna daidai. Shi kuwa Mai Agogo mutumin ofis ne, shi ke tsayawa a bayanmu yana auna minti nawa kowa ke ci a kan aikinsa. Duk masana'antar ba wanda ake harara kamarsa, ni kuma duk mazan duniya shi zuciyata ta ga dama ta ɗauko. Shekara biyu muna tare, saura kawai manyansa su zo wurin Baba.

Sai kamfani ya liƙa takarda a bakin ƙofa, wai mai yiwuwa a rufe masana'antar kafin ƙarshen shekara, saboda aiki ba ya sauri.

Washegari ƙungiyar ma'aikata ta kafa doka: ɗan ƙungiya ba zai yi magana da mutumin ofis ba sai da wakili a wurin. Shugaban ƙungiyar babana ne. Wakilin sashenmu kuma Lasifika, wanda sau biyu yana neman aurena, sau biyu ina ce masa ya yi haƙuri. Tunda nake ban taɓa ganin mutumin da ya riƙe aikin wakilci da gaskiya irin yadda ya riƙe shi a kaina ba.

Mai Agogo ya dube shi, ya dube ni, ya sassauta murya.

“Rabin raina, kin rame...”

Lasifika ya rubuta.

“Me kake rubutawa?” na tambaye shi.

“Ofis ya yi tsokaci a kan lafiyar ma'aikaciya.”

Na tashi na bar musu abincin.

A gida ma ban huta ba. Baba ya ce dokar nan katin ƙungiya take bi, ba katangar masana'anta ba, saboda haka ko a ƙofar gida bai yarda ya ga ƙeyar yaron nan ba. Ya ce maganar aure a jingine ta, in kuwa aka rufe wurin, in cire ta daga raina gaba ɗaya, don ba zai haɗa jini da wanda lissafinsa ya kashe bakin aikin mutum dubu ba. Umma ta ce masa aure daban, taro daban. Ya ce ta jira a ba ta izinin magana. Ta ce to shi ma ya jira a ba shi izinin cin abinci.

Ina jin haushin Baba, amma ba zan ce ban gane tsoronsa ba. Unguwarmu kaf da jiniyar masana'anta take tashi. Mai abincin bakin ƙofa ta rage tukunya ɗaya. Telan da ke ɗinka mana kayan aiki ya fara cigiyar shago a wani gari. Direbobin bas sun daina yi mana tsiya da safe, shugabar makarantar yara kuwa har gida ta biyo Baba tana tambaya ko ta ɗauki sababbin malamai ko ta dakata. Kowa ya gan ni sai ya tambaye ni me Baba ya ce, kamar ni ce allon sanarwa.

Ana cikin haka Lasifika ya zo da hoton wata takarda a wayarsa. Rahoton ofis ne, ya ce layinmu na asarar awa biyu kullum, ga sunan Mai Agogo ɓaro-ɓaro a sama. Kafin a tashi aiki duk wani mai waya ya gani.

Mai Agogo ya kira ni sau goma sha ɗaya. Ban ɗauka ba. Ya turo saƙo: “Masoyiyata, ki saurare ni minti biyu.” Na ce a raina, ka ji, har soyayyar ma da agogo ake auna ta. Na kashe wayar na yi kuka mai isata, don ina sonsa, kuma ina jin kunyar son.

Ranar hutu aka kira babban taro a zauren ƙungiya, za a jefa ƙuri'a a kan yajin aiki a makon da manyan kamfani za su zo dubawa. Zauren ya cika har tagogi. An kai batu na huɗu sai ga Mai Agogo a bakin ƙofa, babu katin ofis a wuyansa, ya rungume wani fayil. Ya ce yana roƙon a ba shi dama ya yi magana kafin a ɗaga hannu.

Lasifika ya miƙe da kundin dokoki. Ya karanta sashe na sha tara da ƙarfi: ba mai magana a taro sai ɗan ƙungiya ko iyalinsa. Aka yi ta tafi.

Mai Agogo bai tafi ba. Ya miƙa fayil ɗin ga na kusa da shi, takardar ta bi hannu hannu har teburin Baba. Ina kallon Baba ya sa tabarau. Ya karanta shafin farko, ya juya na biyu, ya daɗe a kansa. Na san fuskar nan, ita yake yi in ya gane Umma ce da gaskiya.

Ya tambayi sakatare ko shugaba na iya karanta wa taro takardar. Sakatare ya ce takardar waje ba ta shiga sai mai ita ya gabatar da bakinsa. Ya tambaya ko za a iya gyara sashen. Aka ce sai da sanarwar kwana talatin. Baba da kansa ya rubuta waɗannan dokoki shekara ashirin da suka wuce, yana alfahari ba a taɓa karya ko ɗaya ba. Na dafe kai. Masana'anta na shirin mutuwa, mu muna nan muna neman sashe.

Baba ya cire tabarau. Bai dube ni ba.

“Sakatare, rubuta. Mai magana na gaba surukin shugaba ne.”

Duk zauren ya juyo yana kallona.

“Shugaba, ai ba a ɗaura ba,” in ji Lasifika.

“Ni ne uban yarinyar, na ce na ba shi. Kana da sashen da ya hana?”

Ya fara juya shafuka. Har yau bai samo ba.

Mai Agogo ya fito gaba. Ya ce awa biyun nan gaskiya ce, amma ba hannun ma'aikata ke cinye ta ba, jiran kayan haɗi ne da ofis ke yin odarsu a makare. Shafin da ya nuna haka aka cire daga rahoton, aka ce ya sa hannu a kan sauran. Ya ƙi, jiya aka karɓe katinsa. Ya ce in aka shiga yaji a makon dubawa, an ba masu son rufewa hujjar da suka rasa.

Aka fasa yajin. Aka zaɓi mutum biyar su kai shafin gaban manyan kamfani. Ko zai hana rufewar, babu wanda ya sani, har yau muna jira.

Ni dai ina zaune kamar an dasa ni. Wata ta rungume ni, wata ta ce Allah ya sanya alheri. Duk mafarkin da na yi na ranar da za a ba da ni, ban taɓa kawo cewa tsakanin batu na huɗu da na biyar za a yi ba, a kuma sa a rahoton taro.

Da aka watse na tarar da shi a bakin ƙofa.

“Ba ni da aiki yanzu,” ya ce. “Kin sani ko?”

“Wataƙila nan da wata uku ni ma ba ni da shi. Ka yafe mini, ban ɗauki wayarka ba.”

“Na yafe tun a kira na biyu, rabin raina.”

Baba ya fito na ƙarshe, yana kulle zauren. Na matsa kusa, na ce masa ashe sai da takarda ta ci tura aka tuna da ni. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya tsaya yana duban makullin da ke hannunsa.

“Shekara talatin ina haɗa motoci, 'yar nan, ina kallo ana fita da su, ko ɗaya ba ta taɓa kwana a gidana ba, ban kuma damu ba.” Ya sa makullin a aljihu. “Ke ce ban san yadda zan tsaya in kalli an fita da ke ba.”

Na karɓi jakarsa na riƙe masa, muka taka zuwa tashar bas, Mai Agogo na biye da mu a baya.