Hasken Gilashi

Ranar da abin ya fara, Hure tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, rana tana gangarawa bayan gonakin da ba su ga taki ba a bana. Daga ɗaki tana jiyo ƙwas-ƙwas ɗin yatsun 'yarta Zulaihatu a kan kwamfuta. Kunnenta ya saba da sautin, har ba ta lura da shi sai in ya tsaya. Aka fara kiran magariba, sai ya tsaya.

"Inna, allon ya mutu."

Tsohuwar kwamfuta ce, allonta mai ƙatuwar ƙeya. Ƙanen Hure, Tasi'u, mai gyaran waya da kwamfuta a Bacirawa, shi ya ɗauro ta a babur tare da batir da farantin sola, don yarinyar ta saba hannu. Sau biyu tana zana jarrabawar shiga jami'a tana faɗuwa. Karatun akwai shi, amma a kwamfuta ake amsawa, ita kuwa ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai a ɗakin jarrabawa. Tun rasuwar mahaifinta maganarta tana hannun baffanninta, su kuma sun ce wannan ne karo na ƙarshe. In ba ta ci ba, ta haƙura ta kama suyar ƙuli-ƙuli tare da uwarta. Saura mako uku.

Injin yana ta ƙugi, 'yar fitilar gaba tana ci, amma gilashin baƙi ƙirin. Da safe ya kama kamar ba komai. Da magariba ya sake mutuwa. Haka kwana huɗu.

Ta waya Tasi'u ya ce a cire igiyar baya a hure ta, a mayar a matse kusoshinta biyu. Aka yi. Ya ce watakila batir ne yake yin sanyi da yamma, a rage kunna fitila. Aka zauna a duhu, bai hana ba. Ranar Juma'a ya zo da kansa. Ya canza igiya, ya gwada batir ya same shi cike, ya haɗa allon da tasa kwamfutar, nan ma ya mutu. Sannan ya kwance ƙeyar, ya nuna wa Hure wasu 'yan gwangwanaye biyu da suka kumbura, ya ce su ne masu laifin.

Ya ɗora ƙarfensa na liƙi ya yi zafi, ya ciro dalma. Hure ta dubi sama, ta ga ta yi ja. Ta ce ya bari a yi salla tukuna, wannan ba lokacin taɓa wuta ba ne.

Ya yi dariya. "Yaya, ai ba ruwan zafi zan zubar a tsakar gida ba. Kuma hanya ba kyau, so nake in koma da ido."

Bai yi bisimilla ba. Ɗigon dalma ya zame masa ya faɗa can cikin akwatin, Hure ta ji wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa. Tasi'u ya ce shi bai ji komai ba. Ya rufe, ya kunna, allon ya kawo haske tas. Ya hau babur ya tafi.

Washegari, tsakanin magariba da isha'i, tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗaki. Ɗaya, shiru, ɗaya. Hure ta leƙa bayan katanga, ba kowa sai karan dawa tsaye. Da ta tsinci tsakuwar, ta ji ta da zafi a tafin hannu. Kwana biyu bayan nan suka ji muryar mace daga ƙeyar allon, a hankali, tana rarrashin jinjiri. Zulaihatu ta daina cin abinci. Takan zauna ta dafe idanunta, ta ce yaji suke mata. Ran Laraba ta faɗi a bakin randa, da ta buɗe baki kuma, muryar wata mata ce daban.

Maƙwabta suka ɗauko Malam Abdussalam daga wajen Bagwai, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya shekara talatin yana ruƙiyya. Bayan la'asar ya zauna a tabarma kusa da kan yarinyar, ya sa Hure ta riƙe mata ƙafa, ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwa ta cinye tsakar gida kafin jikin ya miƙe ya sandare, muryar matar nan ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kake yi, kuma an riga an ƙona ni."

Malam ya tambaye ta ko wace ce. Ta ce sunanta ba zai amfane shi ba. A cikin akwatin nan ta haihu, tun yana jibge a wani shago a birni. Wurin da ɗumi, da duhu, ba mai damunsu. Da magariba take kwantar da ɗanta, shi ya sa take kashe hasken. Ta ce ba ta taɓa yarinyar ba, ba ta taɓa kowa ba, duk yini ta bar musu.

"Sai aka ɗiga masa dalma a ido. Ke mai riƙe da ƙafa, kina tsaye a wurin. Kin faɗa masa, amma ba ki riƙe hannunsa ba."

Hure ta kasa ɗaga kai.

Aljanar ta ce ido biyu aka ɗauka, ido biyu za ta ɗauka. Malam ya ce wanda ya yi bai sani ba, wadda take kwance kuma ba ta yi ba, ya tunatar da ita Allah. Ya yi mata tayin turare, ya yi mata tayin wani mazauni a kukar da ke bayan gari. Ta ce turare ba ya buɗe ido. Ya koma karatu har gumi ya jiƙa masa wuyan riga, tana ihu, amma ta ƙi saki. Can ta ce to, za ta rage. Za ta bar wa yarinyar rana da wata da fuskar uwarta. Hasken gilashi kawai za ta tafi da shi, tunda saboda shi aka nakasa ɗanta.

Malam ya sauke numfashi. A ganinsa an samu sauƙi. Ya juyo wajen Hure ya ce gilashi ai ba wani abu ba ne, in ta yarda a rufe magana.

Hure ta san ba ƙaramin abu ba ne. Ta buɗe baki za ta yi bayanin jarrabawa, sai ta dubi idanun 'yarta, sun juye sun yi fari fat. Ta ce ta yarda.

Zulaihatu ta yi atishawa uku, jikinta ya saki. Wata iska ta ɗaga labulen ɗaki ta bi ta kan katanga. Ba a ƙara jin tsakuwa ba.

Da safe yarinyar ta sha koko, ta gane kowa, ta karanta littafinta na takarda ba gargada. Hure ta fara cewa a ranta ko aljanar tsoratarwa kawai ta yi. Da hantsi Tasi'u ya iso, jikinsa a sanyaye, ya haɗa igiyoyi, wannan karon da bisimilla. Allon ya kawo haske, shuɗi mai kyau, tambayoyin gwaji suka jeru a kansa.

Zulaihatu ta ja kujera ta zauna, ta ɗora yatsunta a kan madannai, ta zuba wa gilashin ido. Ta jira. Saura kwana tara.

"Kawu," ta ce, "ka kunna mana."