Sunan Fergus a Littafin Bukka

"Ba zan sa hannu ba, Baba."

Baba ya dire kofin shayinsa kamar zai fasa teburin. Takardar rantsuwa ce a gabana, saura kwana biyu a shiga kotu. Lachlan, lauyan ƙungiyarmu ta mafarauta, shi ya tsara ta: wai ni Keriana na ga Fergus Aitken da idona yana tuƙa helikwafta a kwarin Mangatira ran huɗu ga Afrilu, da barewa tara rataye a ƙasan jirgin.

Jirgin kam na gani. Amma Fergus...

Shekara biyu Baba yana wannan shari'a. Daji na kowa ne, amma kamfanonin nama sai su zo ta sama su kwashe barewa cikin awa guda, mu da muka sha hawan dutse da ƙafa mu tarar da kayan ciki da ƙudaje. A watan Afrilu kuwa, lokacin da mazan barewa ke ruri, an hana jiragensu shiga sam. In na sa hannu mun ci shari'a, Fergus kuma, matuƙin ɗaya daga cikin kamfanonin, an raba shi da lasisinsa na tuƙin jirgi har abada.

Abin haushin, a ranar Fergus yana kusa da ni a bukkar mafarauta, ya miƙe ƙafafu duk sun yi bororo yana ta raki. Da ƙafa ya biyo ni, wai don ya burge ni. Wata takwas muna soyayya a ɓoye, Baba bai sani ba.

Kuma sarkin wauta sai da ya rubuta sunansa a littafin bukka. A ƙasar nan tun muna yara ake koya mana in ka shiga bukka ka rubuta suna, da rana, da inda ka nufa, don in ka ɓata a san inda za a neme ka. Na roƙe shi ya bari, ya ce shi bai taɓa barin bukka bai rubuta ba. A gurbin inda ka nufa ya sa: gidan su Keriana, neman aure.

Lachlan, wanda ya shekara yana damuna da furanni ina ba maƙwabta, shi ya hau har bukkar ya yago shafin. A ƙofar gida ya nuna min bayan Baba ya fice a fusace.

"Ki sa hannu, babu mai ganin wannan," in ji shi. "Ki yi tunanin zuciyar tsoho."

Na kira Fergus ina huci, ina jiran ya zuga ni.

"Ki sa hannu kawai, abar ƙaunata. Kada ki rasa babanki saboda ni. Na iya askin tumaki ai."

"Kai wai wane irin mutum ne? Sharri za a yi maka, kana min maganar tumaki?"

Na kashe wayar, na yi kukan takaici har kaina ya yi ciwo. Maza uku, kowa ya gama yanke min hukunci.

Ran shari'a Lachlan ya kira ni shaida duk da haka, yana ganin ba zan iya faɗin gaskiya a gaban Baba ba. Na faɗa wa alƙali na ga jirgi, na ga barewa tara, amma Fergus yana gefena yana shan shayi, kuma shafin da zai tabbatar yana cikin jakar lauyanmu.

Ban iya duban Baba ba.

Aka ɗage zama, aka tsayar da Lachlan ya yi bayani. A waje Baba ya wuce ni kamar bai san ni ba, ya tsaya gaban Fergus.

"Da ƙafa ka hau Mangatira?"

"E, yallaɓai."

"Kwana nawa?"

"Uku."

"Uku? Ni da gwiwar ƙarfe kwana ɗaya da rabi nake yi." Ya ja tsaki. "Wa ya tuƙa jirgin?"

Fergus ya dube ni. Ya ce jirgin kamfaninsu ne, ya san matuƙin, ya san wanda ya tura shi, kuma zai faɗa wa alƙali duka.

"Za su kore ka," in ji Baba.

"Na sani."

Ran Litinin suka kore shi. Mako uku Baba yana fushi da ni, sai wata safiya ya tambaye ni ko yaron nan ya taɓa goya nama a bayansa. Na ce a'a. Ya ce to ya zo ran Asabar su hau dutse farauta.

An ɗaura aurenmu a watan Nuwamba. Shari'a tana nan ana ta ɗagewa, Fergus yana askin tumaki, kullum gidana warin ulu. Har yau in Baba zai gabatar da shi sai ya ce, "Ga shaidarmu." Kalmar suruki ta ƙi fitowa daga bakinsa, amma in an gasa nama, farantin Fergus yake fara cikawa.