Bencinan Makarantar Tudun Kuka

Ranar Litinin da hantsi Malama Suwaibatu, shugabar firamaren Tudun Kuka da ke bayan garin Ƙanƙara, ta shigo caji ofis ta nemi ganin Sufeto Salahuddeen Audi. Ta ce sababbin bencinan da wata ƙungiya ta ba makarantar sun ɓace daga sito, yau kuwa aka yi niyyar raba su.

Sufeto ya san makarantar. Yara sun fi ɗari a aji, a ƙasa suke zama, yawancinsu 'ya'yan mutanen da ɓarayin daji suka koro daga ƙauyukan Sabuwa.

Ya duba ƙofar sito. Ba a fasa kwaɗon ba, da makulli aka buɗe. Malama ta ce makullan uku ne: nata, da na Gide mai gadi, da na shugaban kwamitin iyaye, Malam Abdulgafar.

Sufeto ya ɗan yi murmushi da jin sunan. Malam Abdulgafar ne ya koyar da shi a aji ɗaya, shi ya riƙe masa hannu ya fara rubutu.

Gide ya rantse bai ɗaga daga bakin ƙofa ba. Amma Hamida mai ƙosai a tsallaken hanya ta ce ranar kasuwar Yankara babu shi a wurin, kuma ta ga a-kori-kura ta shiga ta fito an lulluɓe bayanta da tamfol.

Sufeto ya koma kan mai gadi. "Baba Gide, wa ya ba ka izinin tafiya Yankara?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Malam Abdulgafar ne ya aike ni in sawo mashi rago. Ya ce shi zai tsare wurin."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Ranka ya daɗe, shi ya samo mani aikin."

Sufeto ya tarar da Malam Abdulgafar a zaure. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum. Malam ya ce aikin 'yan shaye-shaye ne, shi kuwa ranar yana Daudawa wajen ta'aziyya. Sufeto bai musa ba, amma tun shigowarsa warin fenti ke dukan hancinsa.

Ya nemi ya ga makarantar kuɗin da Shamsu, ɗan Malam, zai buɗe a bayan gidan. Malam ya ce ba a gama gyara ba. Sufeto ya miƙe ya nufi bayan gidan, Sajen da ya rako shi ya bi shi.

Bencina ne jere a ɗakuna biyu, shuɗin fentinsu bai gama bushewa ba. Sufeto ya sa wuƙa ya kankare gefen guda. Tambarin Tudun Kuka ya fito.

Ya daɗe yana kallonsa kafin ya juyo ga Malam, wanda ya biyo bayansu.

"Malam, me ya sa?"

"Ni na kwashe su," in ji Malam. "Ɗiyan can gobe za su koma daji ko talla. Su zauna a ƙasa ko a benci duk ɗaya. Nan kuwa iyaye ba za su kawo yaro su ga tabarma ba."

"Ni ma uwata ƙuli-ƙuli take sayarwa lokacin da ka koyar da ni."

"Kai daban ne, Salahu."

Sufeto ya mayar da wuƙarsa aljihu.

Kafin su fito labari ya zaga. Iyayen Tudun Kuka sun taru a ƙofar gida, waɗanda suka ɗaga hannu suka zaɓe shi don ya tsaya wa 'ya'yansu. Ba wanda ya zage shi. Malama Suwaibatu dai ta juya masa baya tana share ido da gefen hijabi.

Malam ya miƙo hannuwansa biyu yana kallon tsohon ɗalibinsa, kamar yana gwada shi. Sufeto ya ciro ankwa, ya riƙe ta, sannan ya miƙa wa Saje.

"Sa masa," ya ce, ya wuce mota bai waiwayo ba.