Wanda Ya Ɗauki Hoton Baba Direba

Ƙarfe takwas saura aka bugo wa Sufeto waya cewa an kashe mutum a ƙofar makarantar firamare. Kafin ya isa, jaruman da suka yi aikin duk sun watse, kowa ya koma sana'arsa kamar bai san dawan garin ba. Abin da suka bari shi ne ƙaramar bas mai fasasshen gilashi, jakunkunan yara a warwatse a cikinta, da wani dattijo kwance gefen kwata, takalminsa ƙafa ɗaya a tsakiyar titi.

"Waye shi?" Sufeto ya tambaya.

"Baba Direba, yallaɓai," in ji Saje. "Shekara goma sha tara yana kawo yara makarantar nan."

"Me ya yi?"

Saje ya miƙo wayarsa. Hoto ne na dattijon yana cusa wata yarinya 'yar shekara biyar cikin bas, tana tsala ihu tana harba ƙafa. A sama an rubuta: "ƁARAWON YARA! Ku duba fuskarsa da kyau. Idan ke uwa ce, kar ki wuce sai kin rubuta Allah ya tsare, kuma ki tura wa mutum goma." Shafin da ya wallafa sunansa Idon Uwa. Mutum dubu arba'in da ɗoriya sun tura.

Sufeto ya san hoton. Jiya da yamma matarsa ta turo masa, shi kuma yana tsaye a layin gidan mai ya wuce da shi zauren danginsu na waya da saƙon "Ku kula da yara." Ko daƙiƙa goma bai yi yana kallonsa ba. Haushi ya turnuƙe shi, ya rasa wanda zai sauke wa, sai ya daka wa Saje tsawa a kan a rufe gawar.

Mai faci da ke tsallaken titi aka fara kamawa, don mai gadin makarantar ya ce shi ya fara ɗaga ƙarfe.

"Wallahi yallaɓai ban ma fito ba tukuna lokacin," in ji mai facin.

"Jinin da ke hannun rigarka fa? Na taya ne?"

Mai faci ya sunkuyar da kai. "Ba ni kaɗai ba ne. Kowa ya gani a waya."

"Shekara nawa kana yi wa mutumin nan faci?"

"Za a yi takwas."

"Ka taɓa ganin ya saci ko da bawul na taya?"

"A'a. Amma yallaɓai, ga hoto fa."

"Ga hoto," Sufeto ya maimaita, yana jin kamar ya kwaɗa masa mari. "Shekara takwas da ka gani da idonka ba ta kai hoto ɗaya ba. Saje, sa shi a mota, kuma ya lissafo mana sauran."

Masu duka ba su da wuyar kamu, kafin azahar an tattaro bakwai. Wanda Sufeto ke nema shi ne wanda ya kunna wutar ya koma gefe yana shan iska.

A gidan marigayin, 'yarsa ce ta fito falo, idanunta sun kumbura. Malama ce a wata sakandare. A bayanta wata yarinya ta maƙale da zanenta, Sufeto na ganinta ya gane ta.

"Wannan ce ta cikin hoton?"

"'Yata ce," in ji malamar. "Jikarsa. Ita ce aka ce ya sata."

"Me ya sa take kuka haka a hoton?"

"Allura, yallaɓai! Allura aka yi mata jiya. Ina wurin aiki, shi ya kai ta asibitin da ke kan kwana. Ko sunan allura ta ji sai ta tara mana maƙwabta." Ta ɗaga murya cikin fushi. "Tun safe mutum huɗu suka shigo gidan nan gaisuwa. Huɗu! Mutumin da ya yi jigilar 'ya'yan rabin unguwar nan. Wata ma ta aiko a ce min wai ba a hayaƙi babu wuta."

Yarinyar ta leƙo. "Kaka ya ce in na daina kuka zai sayo wa amaryarsa balan-balan. Ban daina ba." Ta kalli kakin Sufeto. "Don na yi kuka ne aka buge shi?"

Sufeto ya yi shekara ashirin da biyu yana yi wa mutane tambayoyi, amma wannan da aka yi masa ta fi ƙarfinsa. Ya durƙusa ya ce, "A'a, 'yata. Wani ne ya yi ƙarya. Yau zan kamo shi."

A mota ya karɓi wayar Saje ya yi abin da ya kamata ya yi tun jiya, ya kalli hoton da kyau. Ya buɗa shi da yatsu biyu. Ga auduga da filasta a cinyar yarinyar, ƙarara, mutum dubu arba'in ba wanda ya gani. Sannan ana ganin rufin bas ɗin da tsakiyar hular dattijon, wato daga sama aka ɗauka. A kusurwa kuma ga gefen labule kore.

"Asibitin nan bene ne?"

"Hawa ɗaya, yallaɓai." Saje ya sosa ƙeya. "Akwai wani abu kuma. Ni... ina bin shafin nan."

"Madalla da kai. Faɗi."

"Haka mai shafin take yi kullum. Ta sa zargi yau ƙarfe huɗu, gobe ƙarfe huɗu ta sa wani wai gaskiya ta fito, a tura don a wanke mutumin. Ta yi wa wani mai gyaran firji, ta yi wa wata mai aikin gida. Ƙarfe huɗu cif, ko minti ɗaya ba ya wucewa."

"Tana zaune da agogo a hannu ke nan?"

"A'a yallaɓai, saitawa ake yi. Ka rubuta tun yau, ka sa masa lokaci, shi zai fita da kansa ko kana barci."

Sufeto ya duba agogonsa. Uku da kwata. "Taka motar nan," ya ce.

Tagogi biyu ne a benen asibitin suke kallon titi, duka da koren labule. Ɗaya ɗakin allura, ɗaya ɗakin kati. Babbar nas ta tarbe su da fuska a ɗaure, ta ce a nan ba a taɓa waya lokacin aiki, duk ma'aikaci yana ajiye tasa a durowarta da safe. Ta buɗe ta nuna musu, wayoyi tara.

Nas mai allura ta tuna yarinyar nan take. "Wa zai manta ta? Sai da kakan ya riƙe ƙafafun, ni na riƙe hannu. Da suka fita ina da mutum shida a layi, ina na ga lokacin leƙa taga?" Littafinta ya nuna haka ɗin ne.

Ɗakin kati ƙarami ne, kantoci har rufi cike da katunan marasa lafiya, fanka na juyawa da ƙyar. Mai kati mace ce 'yar kimanin shekara talatin, mai sanyin murya, irin wadda za ka ba ajiyar ɗanka ka tafi kasuwa.

"Kin san wannan mutumin?" Sufeto ya nuna mata hoton.

"Ban san shi ba, yallaɓai. Na dai ga hoton yana yawo."

"Jiya bai zo nan ba?"

"Mutane da yawa suna zuwa."

Sufeto ya sa babbar nas ta zaro katin yarinyar. Ya karanta a hankali. "Wanda ya kawo ta: kakanta. Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa ne. Amma ai ba na riƙe fuskoki."

"To bari in gaya miki, ko za ki riƙe tasa. Da safen nan an kashe shi a ƙofar makaranta."

Biron da ke hannunta ya faɗi. Ba ta ce innalillahi ba, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Agogon bango ta kalla. Huɗu saura minti tara.

"Yallaɓai, zan ɗan zaga."

"Zauna."

"Akwai katin da likita ke jira a waccan kantar, bari in..."

"Na ce zauna. Likita ya jira."

Sufeto ya jawo kujera ya toshe hanya tsakaninta da kantocin, ya harɗe hannuwa. Gumi ya fara tsattsafo mata a goshi, idonta na zuwa agogo yana dawowa kan kanta ta uku. Saje na tsaye a ƙofa, wayarsa a hannu.

Ƙarfe huɗu ya buga.

"Ya fito, yallaɓai," in ji Saje.

"Karanta da ƙarfi."

"GASKIYA TA FITO! Ashe kakan yarinyar ne, allura ya kai ta. Mun same shi yana nan lafiyarsa ƙalau, har ya yi dariya ya ce ya yafe wa kowa. Idan kana da zuciya, tura wa mutum goma a wanke bawan Allah."

Kafin ya rufe baki, wani abu ya fara gurnani a kanta ta uku. Ya yi shiru, ya sake, ya sake, har katunan suna rawa. Sufeto ya miƙe ya zura hannu bayansu ya zaro waya ta biyu. Saƙonnin masu sharhi sai shigowa suke, sunan shafin a saman kowanne.

"Lafiyarsa ƙalau," Sufeto ya ce, muryarsa ta yi ƙasa don tsabar ɓacin rai. "Har ya yi dariya. Yaushe kika rubuta wannan?"

Ta fashe da kuka. "Jiya. Tare na rubuta su biyun."

"Wato kin san kakanta ne."

"Na sani. Wallahi ban yi nufin a taɓa shi ba. Kwana ɗaya ne kawai, yallaɓai, washegari in wanke shi. Haka ake yi. In ka sa labari mai daɗi ba mai kallo. Na sa hoton kaka da jika suna dariya, mutum goma sha biyu suka so. Saura kaɗan in cika mabiya dubu ɗari, masu talla ba sa kula ka sai ka kai nan."

"Kin rubuta kakanta da hannunki a kati, kika taka zuwa taga kika mai da shi ɓarawo!" Sufeto ya daki teburin har katuna suka zube. Babbar nas ta dafe ƙirji.

Mai kati ta share hawaye, sai ga wani taurin kai ya fito daga ƙarƙashin sanyin muryar. "Ni hoto kawai na sa. Ban ɗaga ƙarfe ba. Mutum dubu arba'in suka tura, su ma za ka kama su?"

Sufeto ya miƙe tsaye sosai. "Na san ɗaya daga cikinsu," ya ce. "Saje, sa mata ankwa."

Da aka sauko da ita, masu jiran likita duk suka miƙe, wayoyi sama, kowa na neman fuskarta. Sufeto ya daka musu tsawar da ta sa wani tsoho ya saki tasa a ƙasa. Ya sa Saje ya ja mayafinta ya rufe mata fuska har cikin mota, ba don ta cancanta ba, sai don gawa ɗaya ta ishe shi a rana.

Ya buga wa malamar waya ya gaya mata an kama mai shafin, kuma ofis zai fitar da sanarwar wanke sunan mahaifinta kafin a kai shi makwanci. Ta ce, "Mutum nawa za su tura wannan, yallaɓai?" Ya ce ta ba yarinyar wayar, ya gaya mata an kamo mai ƙaryar, kuma ba kukanta ba ne.

Saje ya tada mota. Sufeto ya buɗe zauren danginsu. Hoton na nan inda ya ajiye shi jiya, da "Allah ya tsare" guda goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa, har da na mahaifiyarsa. Bai goge ba. Ya rubuta a ƙasa: "Mutumin nan kakan yarinyar ne, allura ya kai ta. An kashe shi yau da safe. Ni na turo muku, ban duba ba."

Ya tura, ya kife wayar a cinyarsa, ya ce wa Saje su tafi.