Goro a Teburin Mai Gadi

Ranar Asabar da hantsi aka kira Sufeto Mas'udu Dikko zuwa wani kamfanin buga littattafai a unguwar Mushairib. Sufeton jikan Katsinawa ne da suka yada zango a Sudan, shekararsa goma sha tara yana aikin ɗan sanda a Doha, Hausa kuwa ba ta bar bakinsa ba.

A ofishin ya tarar da wani tsohon Bature zaune, ya dafe kai. Sunansa Gildo Marasco, ɗan Italiya, marubucin labaran kisan kai da bincike. Littattafansa goma sha ɗaya sun karaɗe ƙasashen Larabawa.

"Rubutun littafina na sha biyu ne aka ɗauke," in ji tsohon da Turanci. "Da alƙalami nake rubutu, ban iya na'ura ba. Shafi ɗari huɗu, kwafi ɗaya tak."

Shugabar kamfanin, Madam Ikhlas, ta nuna durowar da aka ajiye rubutun. Ba a fasa ta ba, da makulli aka buɗe.

"Kyamara fa?"

"Ba a gama haɗa na hawan nan ba, sabuwar tarewa ce. Ni dai na san ɓarawona. Mai gadi ne, shi kaɗai ke nan jiya Juma'a. Na gaya wa kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar nan, jibi za a soke masa biza a mayar da shi Ghana."

"Wa ke da makulli?"

"Ni. Sai Dakta Abdulbaqi Ɗalhatu, mai fassara mana daga Italiyanci zuwa Larabci. Amma yana hutu a Najeriya. Kuma ma mun daina ba shi aiki, yanzu na'ura ke fassara cikin awa guda, mutum ya ɗan dudduba, khalas, shi ke nan."

Sufeto ya sauko ƙasa. Mai gadin, Aruna, mutumin Kumasi ne, ya haura hamsin, yana tsaye hula a hannu. Jin an yi masa sallama da Hausa ya sa ya matso da sauri.

"Ranka ya daɗe, ko karatun Bature ban iya ba. Me zan yi da takarda? Jiƙawa zan yi in sha?"

"Wa ya shigo jiya?"

"Ga rajista, babu kowa."

Shafin Juma'a fayau yake. Amma a gefen rajistar akwai ɗan ƙunshin ganye. Sufeto ya buɗe. Goro ne, daushe, guda biyar, ganyen ko bushewa bai yi ba.

"Malam Aruna, a wace kasuwar Doha ake samun irin wannan?"

"Saya na yi."

"Wajen wa?"

Aruna ya kau da ido daga kan goron.

Sufeto ya ja kujera ya zauna, ba ya gaggawa. "Na san halinmu. Babba daga gida ya zo, ba ka iya miƙa masa biro ka ce ya rubuta sunansa kamar baƙo. Kunya ba za ta bar ka ba. To amma kunyar nan jirgi za ta sa ka. 'Ya'yanka nawa a makaranta?"

"Huɗu."

"Faɗa mini sunansa."

Aruna ya sunkuyar da kai. "Wanda ya tsaya maka ka samu aiki, ba da bakinka za a ɗaure shi ba. Gara jirgin."

Sufeto ya naɗe goron ya sa a aljihu. A ransa ya ce mutumin nan ba zai hau jirgi a kan laifin wani ba, muddin yana sanye da kakin nan.

Daga mota ya buga wa Dakta Abdulbaqi waya, ya gaya masa abin da ya faru.

"Wallahi abin bai yi daɗi ba, Sufeto," in ji muryar. "Ina Zariya, sai ranar Talata zan dawo."

"Allah ya dawo da kai lafiya. Ya ruwa a can?"

"Alhamdu lillahi, ana ta yi."

Da ya kashe, sai ya sa sajansa ya binciki sunayen waɗanda suka sauka filin jirgi a makon. Kafin azahar amsa ta zo. Dakta ya shigo Doha tun ranar Alhamis.

Gidan Dakta yana hawa na uku a unguwar Al Muntazah. Wani siririn dattijo mai tabarau ya buɗe ƙofa, yatsunsa duk tawada. Ganin kaki ya sa ya ja baya.

"Barka da sauka, Dakta. Ashe Zariya ta matso kusa."

"Yanzu na iso, ai..."

Sufeto ya ajiye ƙunshin goron a kan tebur. "Duk wata dabara ka yi ta. Ka zaɓi Juma'a, ka san babu kyamara, ka san Aruna ba zai rubuta ka ba. Abu ɗaya ya gagare ka. Ka dawo daga gida, ba ka iya wuce ɗan uwa hannu rabbana, ba tsaraba."

"Goro ba shaida ba ne."

"Haka ne. Shi ya sa jibi za a kori Aruna. Na tambaye shi sunanka, ya ce gara ya koma Kumasi."

Dakta ya cire tabarau. Ya daɗe yana goge shi da bakin rigarsa.

"Korarsa za su yi?"

"An riga an gaya wa kafil."

Dattijon ya shiga ɗaki, ya fito da kwali. Rubutun Marasco ne, a samansa kuma wasu shafuka talatin na Larabci da rubutun hannu mai kyau.

"Shekara ashirin da biyu ina sa wa mutumin nan harshe," in ji shi a hankali. "Wani layin sai in yi kwana uku a kansa. Ana tafa masa a Alƙahira, maganata ake tafa wa. Yanzu an ce in zauna in riƙa share bayan na'ura. Na so in gama babi uku in kai masa da hannuna, ya ga bambanci, sannan in mayar. Ban taɓa kawo Aruna a raina ba. Ni na ɗauka, Sufeto. Rubuta."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Kafin ya tayar da mota ya kira Madam Ikhlas, ya ce ta buga wa kafil yanzu ta janye maganar korar Aruna, yana kan layi yana jira. Ta buga.

A caji ofis suka tarar da Aruna kan benci, an kawo shi ba da jawabi. Yana ganin Dakta ya zame ya durƙusa.

"Baba, ban faɗa ba."

"Na sani, Aruna. Tashi ka koma bakin aikinka."

Sajan ya taɓa gwiwar hannun dattijon. "Yalla, mu je."

Suka wuce da shi ciki.