Kwana Goma Kafin Fashin Sallah

Tukunyar miya ce ta fara tashi sama, murfin ya bi ta ya daki randa. Salima na tsaye a tsakar gida tana haki, hawaye shaɓe-shaɓe. Me aka yi mata? Ba komai fa! Mijinta Zaharaddini cewa kawai ya yi abinci ya ɗan makara.

"To ka dafa da kanka! Tunda baiwa ka sayo, ka dafa mana!"

Uwarsa Ya Kaltumi ta fito tana gyara ɗaurin zane.

"Ka gani ko, Auta? Shekaranjiya ni ta murguɗa wa baki, yau tukunya, gobe kanka za ta fasa. Saki biyu ka yi kana maido ta. In dai ni na shayar da kai, ka cike na uku mu huta!"

"Inna, igiya ɗaya ta rage fa..."

"Ita nake nufi!"

Kwana huɗu yana kwana-kwana. Ya je garejinsa na gyaran babur a bakin kasuwar Gure, ya kwance ƙarfe ya manta inda ya ajiye shi. Son Salima yake kamar ransa, kuma ya san in ya furta wannan, ƙofa ta rufe ke nan. Ran na biyar da safe sai ga ta durƙushe a gabansa, murya sanyi ƙalau.

"Yaya, ka yafe mini. Wallahi ban san abin da ke hawa kaina ba. In ya zo har rijiyar lambu nake tsayawa ina kallo."

Ya gane abin da take nufi da rijiyar. Amma Inna ta riga ta rantse, don haka ya ja ƙafa zuwa wurin Malam Aisami, limamin unguwa.

Malam bai ko ɗago kai daga littafi ba. "Tana sallah?"

"Yau ta fara fashi, Malam."

"Uhm! Haka ka ce mini bara, na ce saki cikin haila laifi ne, na tilasta ka maido ta. Haka ka ce bayan azumi. Yau ma haka? Kai injin babur in yana tsayawa a wuri guda kullum, jefar da shi kake? Yaro, je ka ga likita kafin ka ga alƙali."

Da roƙo da hawaye ya samu Inna ta ba shi wata uku, tana tsaki. Ungozomar asibiti ta ba Salima karne, wato ɗan littafin rubutu, ta ce ta riƙa rubuta yadda take ji kullum. Wata biyu suka cika, abu ya fito fili: kwana goma kafin jini wuta, jini na zuwa lafiya lau. Aka tura su Damagaram wurin wata likitar ƙwaƙwalwa. Ya Kaltumi ta ce ƙafarta ƙafarsu, ba a yi mata rufa-rufa.

Likitar ta duba karnen ta ce, "Wannan ciwo ne sananne, ba iska ba ne, ba rashin kunya ba. Jikin wasu mata ne ba ya jure sauyin da ke zuwa kafin al'ada. Akwai ƙwaya, za mu fara. Akwai kuma wannan."

Ta ɗauko wata hula mai wayoyi ta sa wa Salima. Ya Kaltumi ta miƙe zumbur.

"La'ilaha! Kuran za ku sa mata a ka, wutar lantarki? A ƙara mata hauka?"

"Zauna, Hajiya. Ba ta sa komai, saurare kawai take. Dubi allon nan. In ƙwaƙwalwarta ta tashi hoton ya dushe, in ta lafa ya washe. Da haka take koyon lafar da kanta. Ban yi muku alkawari ba, bincike a kansa bai yi nisa ba, wasu na jin daɗinsa wasu a'a. Sai an yi ta zuwa."

Salima ta ƙura wa allon ido. Hoton wani tafki ne, ya dushe, ya dushe, zufa na keto mata. Ta ja numfashi a hankali. Sai ga ruwan ya fito tas, har da tsuntsaye.

"Yaya! Ni na yi wannan?"

"Ke kika yi, Salima."

 Suka kamo hanyar gida a mota, har suka wuce garin Gidimuni. Can Ya Kaltumi ta share ido da bakin mayafi.

"Auta, aurena uku ya mutu kafin ubanka. Mai zafin kai suke ce mini. Duk abin da matar nan ta lissafa, ni ce. Ba wanda ya taɓa duba mini kwanaki."

Sati-sati suka yi ta zirga-zirgar Damagaram, ƙura da rana da gajiya. Ban ce muku Salima ta warke sarai ba, ƙarya ba kyau. Ko ƙwayar ce, ko hular, ko duka biyun, Allah masani. Har yanzu kwanakin na zuwa, sai dai yanzu tana ganin tahowarsu. Takan ce, "Inna, sun iso." Tsohuwa kuma ta karɓe taɓarya ta ce, "Shiga ki kwanta, 'yata, kowa ya taɓa ki ni ya taɓa."

Wata uku suka cika, ba wanda ya ko tada zancen.

To ku masu saurin yanke igiya, da ku iyayen da ke miƙa wuƙar, ku ji da kyau: ba duk mai ihu ce marar tarbiyya ba, wata ciwo ke cin ta. Kafin ku ce "fita", ku tambaya, ku yi haƙuri, ku kai ta inda aka sani. Zaharaddini ya yi haka, ga matarsa nan a ɗakinta.